Bashin sabuwar mota ga wanda bai taɓa cin bashi ba

Akwai abin da ke ɗaure wa mai sayen mota na farko kai idan ya je neman rance. Mutumin da bai taɓa cin bashin kowa ba, wanda duk abin da ya mallaka da kuɗin hannunsa ya saya, shi ne sau da yawa ake juya wa baya, ko kuma a ba shi rancen a kan kuɗin ruwa mai tsada, alhali wanda ya shekara goma yana ci yana biya shi bankuna ke rububi. A idon jama'a rashin bashi abin yabo ne, amma a wurin mai ba da rance ba yabo ba ne kuma ba zargi ba ne, fayil ne da aka buɗe aka tarar babu komai a ciki. Duk wahalar da mai sayen farko ke sha daga wannan fayil ɗin take fitowa, kuma wanda ya fahimci cewa rashin sani ake caza masa, ba mugun hali ba, zai gane cewa aikin da ke gabansa shi ne ya rage wa mai ba da rance wannan rashin sanin ta wata hanya, ko kuma ya rage yawan kuɗin da yake neman a yarda da shi a kansu.

A ƙasashen da harkar bashi ta kafu, akwai kamfanonin da aikinsu kawai shi ne tattara bayanan yadda kowane mutum ke biyan abin da ake binsa. A Amurka manyansu uku ne, Equifax da Experian da TransUnion, kuma na farkon tun 1899 aka kafa shi a birnin Atlanta, yayin da a Jamus Schufa ke wannan aiki tun 1927. Bankuna da kamfanonin katin bashi suna aika musu rahoto wata-wata, su kuma su haɗa wa kowa tarihinsa. Daga wannan tarihi ake fitar da maki, kuma wanda ya fi shahara shi ne makin FICO da aka fara amfani da shi a 1989, wanda ke tafiya daga 300 zuwa 850. Kamfanin da ke lissafa shi ya bayyana cewa kashi 35 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga biya a kan lokaci, kashi 30 daga yawan abin da ake bin mutum, kashi 15 daga tsawon shekarun da ya yi yana hulɗar bashi, sauran kashi 20 kuma an raba su daidai tsakanin sabbin basussuka da bambancin nau'in bashin da yake riƙe da shi. Abin lura shi ne babu albashi a cikin wannan lissafi, babu ajiyar banki, babu amana tsakanin mutum da maƙwabtansa. Kafin ma a iya fitar da makin, sai mutum yana da aƙalla asusun bashi guda da ya kai wata 6 da buɗewa, kuma an kawo rahoto a kansa cikin wata 6 da suka wuce. Saboda haka wanda bai taɓa cin bashi ba makinsa ba sifili ba ne kamar yadda wasu ke zato, babu shi ne baki ɗaya. Matasan da suka fara aiki suna cikin wannan rukuni, haka ma dattijon da ya saba biyan komai hannu da hannu, haka ma wanda ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa, domin galibi tarihin bashi ba ya tsallake iyaka tare da mai shi, ko da ya shekara ashirin yana biya ba fashi a inda ya baro.

Masana tattalin arziki sun daɗe da bayanin abin da ke faruwa a irin wannan ciniki. A 1970 George Akerlof ya nuna, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, yadda kasuwa ke lalacewa idan ɓangare ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba, sannan a 1981 Joseph Stiglitz da Andrew Weiss suka kawo batun cikin harkar rance. Sun nuna cewa banki ba zai iya magance shakkarsa ta hanyar ƙara kuɗin ruwa kawai ba, domin idan farashin ya yi tsada sai masu tsantseni su janye, a bar shi da waɗanda ba su damu da tsadar ba saboda dama ba su da tabbacin biya. Wannan ne ya sa mai sayen farko ke cin karo da amsa iri biyu: manyan bankuna su ce masa a'a ko da ya yarda zai biya ƙari, ƙananan kamfanonin da suka ƙware a rance mai haɗari kuma su ce masa e, a kan farashin da aka yanka don ya rufe asarar waɗanda ba za su biya ba. A idonsu, ba shi rance sayen kifi a ruwa ne, kuma shi mai gaskiya yana biyan wani ɓangare na laifin wasu da aka haɗa shi da su a rukuni ɗaya.

Duk da haka bashin mota ya fi sauran basussuka sauƙin samu ga sabon shiga, saboda motar kanta ita ce jingina. Tun 1919, lokacin da General Motors ya kafa reshen da ke ba masu sayen motocinsa rance, tsarin ya ginu ne a kan cewa idan biya ya tsaya za a ɗauke motar a sayar. Sai dai a nan ne sabuwar mota ke da rauninta. Darajarta tana faɗuwa tun ranar da aka yi mata rajista, kuma ƙiyasin da aka saba ambata shi ne ta rasa kusan kashi 20 cikin 100 a shekarar farko, ko da yake abin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Mai sayen farko da ya zaɓi sabuwar mota ya haɗa abu biyu masu nauyi a lokaci guda: kuɗin ruwa mai tsada irin wanda ake yanka wa marar tarihi, a kan kayan da ke cikin shekarar da darajarsu ta fi saurin zubewa.

Lissafi ya fi bayani fito da abin. A ɗauka farashin motar 30,000 ne a kowane irin kuɗi, mai saye ya ba da kafin alƙalami 6,000, aka ranta masa 24,000 na wata 60. Idan mai kyakkyawan tarihi ne aka ba shi a kan kashi 6 cikin 100 a shekara, zai riƙa biyan kimanin 464 duk wata, kuma jimillar kuɗin ruwan da zai biya ba ta wuce 3,840 ba. Idan kuwa sabon shiga ne aka yanka masa kashi 14, biyan wata ya zama kimanin 558, kuɗin ruwa kuma ya kai wajen 9,500. Mota ɗaya ce, wa'adi ɗaya ne, amma bambancin ya haura 5,600, kuma wannan shi ne farashin fayil ɗin da babu komai a cikinsa. Waɗannan alkaluman na misali ne, ainihin kason ya danganta da ƙasa da lokaci, amma siffar bambancin haka take a ko'ina.

Abin da ke biyo baya ya fi wannan haɗari, kuma a ganina shi ne inda aka fi cutar masu sayen farko. Idan mai saye ya ji 558 ya ce ya yi masa yawa, ba kasafai ake rage masa kuɗin ruwa ko farashin mota ba, sai a tsawaita wa'adin. A mayar da rancen nan na 24,000 zuwa wata 84 a kan kashi 14 ɗin, biyan wata zai sauko zuwa kimanin 450, wato ƙasa da abin da mai kyakkyawan tarihi ke biya, kuma mai saye zai fita yana ganin an yi masa alheri. Amma jimillar kuɗin ruwa ta tashi zuwa kusan 13,800, fiye da rabin abin da aka ranta masa. Shi ya sa tambayar da mai sayar da mota ya fi son farawa da ita ita ce nawa za ka iya biya duk wata, domin da zarar an amsa ta, farashin motar da kuɗin ruwa da tsawon wa'adi da duk wani ƙari sun shige cikin adadi guda, kuma ana iya juya kowannensu ba tare da mai saye ya gani ba. Wanda ke son ya san abin da yake saye dole ya raba cinikin: farashin motar tukuna har a sallama, sannan maganar rance, kuma a rancen abin da zai tambaya shi ne jimillar da zai biya daga farko zuwa ƙarshe.

Dogon wa'adi yana da wata illa da ba ta bayyana sai ranar da abu ya faru. A farkon kowane rance irin wannan, mafi yawan abin da ake biya kuɗin ruwa ne, uwar kuɗin kuwa a hankali take raguwa. A ce mai saye bai ba da kafin alƙalami ba, aka ranta masa 30,000 gaba ɗaya na wata 84 a kan kashi 14. A shekarar farko zai biya kimanin 6,750, amma abin da zai ragu daga uwar kuɗin kimanin 2,700 ne kawai, don haka ana binsa wajen 27,300 a kan motar da a kasuwa ba ta wuce 24,000 ba. Idan aka sace ta ko ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa, kamfanin inshora darajar kasuwa zai biya, a bar shi da bashin sama da 3,000 a kan motar da babu ita. Idan ya rasa aikinsa ya so ya sayar ya huta, kuɗin sayarwar ba za su rufe bashin ba. Shi kuwa wanda ya ba da 6,000 ya ɗauki wata 60, a ƙarshen shekarar farko ana binsa kimanin 20,400, wato motar ta fi bashin daraja, kuma ƙofar fita a buɗe take gare shi. Akwai inshorar cike giɓi da ake sayarwa don ranar da mota ta salwanta, wadda ke biyan bambancin da ke tsakanin ragowar bashi da darajar motar, kuma tana da amfani ga wanda kafin alƙalaminsa ƙarami ne, sai dai galibi ta fi araha a wurin kamfanin inshora fiye da a teburin dillali, kuma ba ta taimakon wanda ya kasa biya.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa kafin alƙalami ya fi komai ƙarfi a hannun wanda ba shi da tarihi. Yana rage uwar kuɗin da ruwa ke hawa a kai, yana sa jinginar ta rufe bashin tun daga ranar farko, sannan yana gaya wa mai ba da rance wani abu game da mai saye wanda fayil bai gaya masa ba, domin mutumin da ya iya tara kashi 20 cikin 100 na kuɗin mota ya riga ya nuna yana iya ware wani abu daga samunsa wata bayan wata, kuma wanda kuɗinsa ke cikin mota ba ya saurin sakinta. Bayan wannan sai shaidar samu: takardun albashi na watannin baya, bayanan asusun banki, wasiƙar wurin aiki, da shaidar cewa mutum ya daɗe a adireshi ɗaya. Masu ba da rance suna duba kason da basussuka ke ci daga samun mutum, kuma a wannan ma'aunin sabon shiga yana da fifiko da bai kamata ya raina ba, tunda babu wani bashi a kansa. Wasu kamfanoni sun fara karɓar tarihin biyan haya da wutar lantarki da waya, ko su duba shige da ficen asusun banki da izinin mai shi, amma wannan bai zama gama-gari ba, kuma sai an tambaya ake sanin wanda ke yi.

Hanya ta uku ita ce mai tsaya wa, kuma ita ce ta fi saurin sauke kuɗin ruwa, domin mai ba da rance zai dubi tarihin wanda ya tsaya ne. Amma mutane da yawa suna sa hannu a wannan takarda suna ɗaukar ta kamar shaida ce ta cewa sun san yaron kuma mutumin kirki ne, alhali a doka sun ci bashin ne tare da shi. Idan mai motar ya yi jinkiri, jinkirin yana shiga fayil ɗin mai tsaya wa, idan ya daina biya ana iya bin mai tsaya wa dukan abin da ya rage, a wurare da yawa ba tare da an fara matsa wa mai motar ba, kuma bashin yana rage masa damar cin nasa rancen ko da komai na tafiya daidai. Sa hannun kuma ba ya ba shi haƙƙin mallakar motar sai idan sunansa na cikin takardunta. Uba ko yaya da zai yi wannan ya kamata ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar biyan shi kaɗai har ƙarshe, sannan ya nemi a ba shi damar ganin asusun rancen, don kada labarin jinkiri ya iso masa daga wurin masu karɓar bashi.

Wurin da aka karɓi rancen ma yana canza farashinsa. Bankin da albashin mutum ke shiga ya san abubuwa game da shi da kamfanin tattara bayanai bai sani ba, ƙungiyoyin gama-kai na ajiya da lamuni kuma sun fi yawan zama da mutum su dubi takardunsa da ido maimakon su bar wa na'ura hukunci. Kamfanonin rance na masu ƙera motoci, irin su Ford Credit da Toyota Financial Services, suna da wata manufa dabam, wato su ga mota ta fita, don haka sukan buɗe shirye-shirye na musamman ga masu sayen farko ko waɗanda suka kammala karatu kwanan nan, kuma wannan na cikin 'yan wuraren da sabuwar mota ta fi tsohuwa sauƙin samun rance. Tallan nan na rance ba kuɗin ruwa da ake gani, shi kuwa, kusan kullum na masu babban maki ne, kuma sabon shiga da ya je dominsa yakan fito da wani abu dabam.

Rancen da dillali ke shiryawa yana buƙatar ƙarin bayani, saboda mutane da yawa ba su san cewa dillalin yana cin riba a kan rancen kansa ba. Yadda abin ke tafiya a wurare da dama shi ne dillali ya aika takardun mai saye ga kamfanonin rance, su dawo masa da kason da suka yarda da shi, shi kuma ya ɗora nasa a kai kafin ya gaya wa mai saye, bambancin ya zama la'adarsa. Ƙarin kashi 2 kacal, daga kashi 14 zuwa 16 a rancen nan na 24,000, kimanin 25 ne kawai a biyan wata, amma a wata 60 ya haura 1,500. A Birtaniya hukumar da ke kula da harkokin kuɗi ta haramta irin la'adar da ke ƙaruwa da ƙarin kuɗin ruwa tun watan Janairun 2021, amma a ƙasashe da yawa halal ce a doka. Wanda ba shi da tarihi shi ya fi sauƙin faɗawa, domin ya shigo yana tsoron za a ƙi shi, kuma duk abin da aka ba shi godiya zai yi. Maganin shi ne ya nemi amincewar banki ko ƙungiya a rubuce kafin ya taka wurin sayar da mota, ya riƙe ta a matsayin tayin da dillali zai yi ƙoƙarin dokewa. Tsoron cewa yawan nema zai ɓata maki ba shi da ƙarfi sosai, domin tsarin FICO yana ɗaukar duk binciken rancen mota da aka yi cikin kwana 14 zuwa 45 a matsayin guda ɗaya, gwargwadon sigar da ake amfani da ita.

A takardar yarjejeniya, adadin da ya cancanci a kwatanta shi ne kason shekara da ya haɗa kuɗin ruwa da cajin da ke tattare da rancen, wanda ake taƙaitawa da APR, kuma a Amurka doka ta wajabta bayyana shi tun 1968. Muhimmancinsa yana fitowa ne idan aka ci karo da rancen da ake lissafa ruwansa a kan dukan uwar kuɗin tun daga farko har ƙarshe, kamar ba a taɓa biyan komai ba. Kashi 7 irin wannan a kan 24,000 na shekara 5 yana ba da ruwa 8,400, wanda a lissafin da ke bin ragowar bashi ya kai wajen kashi 12.5, wato kusan ninki biyu na abin da kunne ya ji. Sai kuma kayan ƙari da ake sakawa a ƙarshen zama, lokacin da mai saye ya gaji: ƙarin garanti, kariyar fenti, inshorar taya da makamantansu. Ƙarin garanti a kan sabuwar motar da ke da garantin kamfani na shekaru ba abin gaggawa ba ne, kuma duk abin da aka cusa cikin rancen shi ma ruwa zai hau kansa. Haka nan bai kamata a karɓi mabuɗi ba matuƙar takardar ta ce rancen yana jiran amincewa, domin akan kira mai saye bayan kwanaki a ce kamfanin rance ya ƙi, sai ya sake sa hannu a kan kaso mafi tsada ko ya dawo da motar da ya riga ya nuna wa kowa.

Akwai tsarin da ake rage biyan wata ta hanyar barin babban kaso zuwa ƙarshen wa'adi, inda mai saye zai zaɓi ya biya ya mallaka ko ya mayar da motar, kuma shi ne ya mamaye kasuwar sabbin motoci a Birtaniya. Yana da sauƙi a aljihu wata-wata, amma ruwa yana hawa har kan kason da aka jinkirta, kuma akwai iyakar nisan tafiya da tarar wuce ta. Wanda kuma ke gudun riba saboda addini yana da murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar masa a kan ribar da aka sani aka kuma tsayar tun farko, ko ijara, inda bankin ke riƙe da mallaka yana karɓar haya har a kammala. Siffar yarjejeniyar ta bambanta, amma tambayar da bankin ke yi ba ta canza ba, domin shi ma yana son sanin ko za a biya shi, kuma rashin tarihi zai fito a girman kafin alƙalamin da zai nema ko a ribar da zai ɗora. A murabaha yana da kyau a tambayi ko akwai rangwame ga wanda ya biya kafin wa'adi, tunda farashin a tsaye yake.

Kuɗin mota ba su tsaya a rance ba. Mai ba da rance zai wajabta cikakkiyar inshora har a gama biya, kuma matashi ko sabon direba shi ke biyan inshora mafi tsada, ga mai da rajista da haraji da gyara. Wata ƙa'ida da masu ba da shawara kan kuɗi ke yawan ambata ita ce kafin alƙalami kashi 20, wa'adin da bai wuce shekara 4 ba, da jimillar kuɗin mota da ba ta wuce kashi 10 na samun wata ba. Ba doka ba ce, kuma mutane da yawa ba sa iya cika ta, amma idan mota ta yi mata nisa ƙwarai to alama ce cewa motar ce ta fi ƙarfin mai saye. Wannan yana da nauyi na musamman ga sabon shiga, domin rancen nan shi ne kusan duk abin da ke cikin fayil ɗinsa. Jinkirin da ya kai kwana 30 yana shiga rahoto, kuma mummunan bayani yana zama shekara 7 a Amurka, shekara 6 a Birtaniya. Idan aka ƙwace motar aka yi gwanjonta, abin da gwanjon bai rufe ba yana nan a wuyan mai saye tare da kuɗin ƙwacewar. Mai tarihin shekara goma sha biyar yana iya shanye kuskure ɗaya, amma wanda wannan ne shafinsa na farko, kuskuren shi ne dukan abin da za a sani game da shi, kuma fayil mai tabo ya fi fayil marar komai wuyar gyara.

Saboda haka tambayar da ya kamata ta zo kafin duk waɗannan ita ce ko sayen zai iya jira. Tunda wata 6 ne kawai ake buƙata kafin maki ya bayyana, wanda ya buɗe katin bashi mai ajiyar jingina, wato katin da ake bayarwa bayan mutum ya ajiye kuɗinsa a matsayin jingina, ya riƙa ƙaramar sayayya da shi yana biyan duka a ƙarshen wata, zai iya shiga kasuwar mota bayan wata 6 zuwa shekara da maki a hannu da kuma kafin alƙalami mafi girma, ba tare da ya biya ko sisi na ruwa a kan katin ba. Tarihin zai kasance gajere, ba zai samu kason da ake ba tsofaffin hannu ba, amma ya fita daga rukunin waɗanda ba a san komai a kansu ba. Ra'ayin da ake yawan ji cewa sai an ci babban bashi ake gina suna ba shi da tushe, domin makin yana ƙirga watannin da aka biya a kan lokaci ne, kuma rancen ƙaramar mota yana cika su daidai da na babba.

Wanda aiki ko nisa ya hana shi jira yana da sauran hanya guda, wato ya karɓi rancen mai tsada da niyyar sauya shi. Bayan shekara guda ta biya ba fashi yana da tarihin da babu shi a da, kuma wani banki na iya biyan ragowar bashin ya ba shi sabon rance a kan kaso mai sauƙi. Amma wannan yana yiwuwa ne da sharuɗɗan da ake tsayarwa tun ranar sa hannu: kamfanin da ya ba da rancen farko ya kasance yana kai rahoto ga masu tattara bayanai, wanda ba dukansu ke yi ba, yarjejeniyar ba ta ɗora tara mai nauyi a kan biya kafin wa'adi ba, kuma ragowar bashin bai zarce darajar motar ba. Mutumin da ya ba da 6,000 ya ɗauki wata 60 zai je banki na biyu yana neman 20,400 a kan motar 24,000, kuma za a saurare shi. Wanda ya ɗauki 30,000 na wata 84 zai je neman 27,300 a kan wannan motar, kuma bankuna da yawa za su nemi ya fara cike bambancin daga aljihunsa kafin su duba takardarsa.